Kwamfutar Ɗakin Sakamako

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar? Kina dai shan maganin a kan lokaci, ko har yanzu sai ta matsa miki kike tunawa da shi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ki.

Tun da kunnenki ya yi nauyi waya ta daina yi mana amfani. Ni ba na iya ɗaga murya, ke ba kya jin ƙasa-ƙasa, sai mu ƙare ina cewa lafiya kina tambaya wa ya rasu. Shi ya sa na koma takarda. Kuma maganar da ke cina ba ta waya ba ce.

Kin san shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da ɗakin sakamako a asibitin Likita. Duk wanda aka ɗebi jininsa, sakamakonsa ta hannuna yake bi. In shigar a kwamfuta, in buga, in sa a ambulan, in liƙe. Ni kaɗai ke da kalmar sirrin buɗe kwamfutar, sai Likita, shi kuma ina jin ya manta tasa tuntuni.

Mako biyu da suka wuce wata baiwar Allah ta zo wurin Likita. Ba zan rubuta sunanta ba, ke ma na san ba za ki tambaya ba. Raino take yi a wani gida, shekararta huɗu a can. Ta yi gwaji a wurinmu aka samu ciwon hanta, irin wanda mutum ke rayuwa da shi shekara da shekaru in yana ganin likita. Kwana uku da karɓar ambulan ɗinta uwar ɗakinta ta sallame ta, har ta kira mata sunan ciwon. Da ta zo ba ta yi hayaniya ba. Ta zauna a benci ta jira layi kamar kowa, da ta shiga ta yi tambaya guda: ta ina maganar ta fita?

Likita mutumin kirki ne, amma ba ya iya zargin ma'aikatansa. Nan take ya ce kutse aka yi mana ta intanet. Ya tuno bara da wani filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi bayanai, ya shigo mana da cutar kwamfuta muka yi kwana biyu muna rubutu da hannu. Ya kira Injiniya, mai gyara mana na'urori, ya ce a sauya babbar manhaja. Kada ki ce na fara yi miki boko. Yadda Injiniya ya fahimtar da ni, ita ce mai riƙe da makullan gida a cikin kwamfuta: ita ke cewa wane ya shiga wannan ɗaki, wane ya tsaya a waje. Akwai guda uku da aka fi sani. Tamu ta yanzu sunanta Windows, akwai wata Linux, akwai ta kwamfutocin da ake kira Mac. Likita ya ce tunda ni zan zauna da ita kullum, in zauna da Injiniya in auna su, ƙarshen wata in rubuto masa wadda ta fi tsare sirrin marasa lafiya.

Ga abin da hannuna ke ta kewayewa tun farkon takardar nan. Yaya, ni ban yarda kutse ba ne. Ranar da sakamakon matar nan ya fito, da aka kira azahar na tashi na tafi ɗan ɗakin da muke salla, na bar kwamfutar a buɗe kamar yadda na saba. Da na dawo na tarar da Sista a kan kujerata. Kin san Sista, babbar nas ɗinmu, wadda ta yi jinyata lokacin da aka yi mini aiki, har kika ce ta fi 'yan'uwa ƙoƙari. Ta ce jadawalin aiki take dubawa. Jadawali a bango yake, Yaya, da salatif aka manna shi. Na hango gefen sunan matar kafin ta rufe shafin. Na kau da kai, na tambaye ta ko ta ga carbina. Gidan da aka sallami matar nan gidan 'yar Sista ne, yaran da take raino jikokinta ne.

Za ki ce me ya hana ni kullewa. A wurinmu ba a kulle kwamfuta a gaban abokin aiki. Ba wanda ya taɓa kafa dokar, amma in ka danna makulli mutum na zaune kusa da kai, kamar ka kira shi ɓarawo ne. Wata sabuwar akawu ta taɓa yi, aka sa mata suna Banki, har ta bar aikin sunan bai bar ta ba. Ni kuma kin san ni da kunya.

Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Malam da kyau, da amaryar ɗanki.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Amsarki ta zo shekaranjiya. Na ji daɗi gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce in bi a hankali kada in ɗauki laifin wani in ɗora a kaina. Na ji, amma bari ki ji abin da ya ƙaru.

Kwana huɗu muka yi da Injiniya muna zama bayan an rage layi. Dattijo ne, ya kusa zama sa'an Malam, yana yawo da jaka cike da wayoyi kamar mai tallan igiya. Hajiya Sakamako yake kirana. Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai in aka ambaci Linux, to sai ki gyara zama, wa'azi ya fara. Ranar farko ya ce mini, "Hajiya Sakamako, ke da kike wanke hannu kafin ki taɓa ambulan, yaya kike zaune da manhajar da ɓarayi suka fi yi wa kwanton ɓauna?" Wai saboda ita ce a kusan kowane ofis, masu ƙera cutar kwamfuta ita suka fi nufa. Tasa kuwa kyauta ce, ba ta wahalar da tsohuwar na'ura, kuma an bar cikinta a buɗe masana na ko'ina suna dubawa, wanda ya ga ɓaraka ya faɗa a toshe.

Na bar shi ya gama, sannan na ce tsakaninsa da Allah ya faɗa mini alherin tamu ma, don ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Ya yi tsaki, ya ce ni da alƙali ya kamata a ɗauke ni aiki. Amma ya faɗa. Ya ce ita ma tana iya kulle faifan ajiya ta yadda ko an sace kwamfutar ɓarawo ba zai ga komai ba sai shirme. Tana iya ba kowane ma'aikaci ƙofarsa da kalmar sirrinsa. Masu ita suna aiko gyara a kai a kai. Mu ne dai ba mu taɓa kunna ko ɗaya ba, har gyaran ma in ya zo danna masa "sai anjima" muke yi. Ita kuwa Mac ya yaba tsaronta, sai dai dole a zubar da na'urorinmu duka a sayo nata, kuma na san Likita ba zai yi ba. Muka ajiye ta da mutunci.

Ni ma na zo da tambayoyina a takarda. Na tambaye shi ko na'urar gwajin jininmu za ta iya aika wa Linux sakamako kai tsaye kamar yadda take yi yanzu. Ya sosa gemu ya ce sai an yi dabara, don manhajar na'urar an yi ta ne domin Windows. Na ce in ta lalace ranar da mutum arba'in ke zaune a benci, shi kuma ya yi tafiya, wa zai gyara? Ya ce in sha Allahu ba zai yi tafiya ba. Na ce Injiniya, wannan ba amsa ba ce. Muka yi dariya.

Sai na yi tambayar da ban rubuta ba. Na ce a cikin ukun wacce ce za ta hana mutum karanta abin da ke gabansa in ya tarar da kujera babu kowa, kwamfuta a buɗe?

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya ce babu ko ɗaya. Sannan ya ce mini manhajar sakamakonmu tana da rajista a cikin kwamfutar, tana rubuta duk shafin da aka buɗe da lokacinsa. Ya duba tun ranar farko. Babu alamar wani baƙo daga waje. Shafin matar nan an buɗe shi ƙarfe ɗaya da minti talatin da takwas, an rufe bayan minti uku, kuma da sunana. Ya ce, "Na san ɗaya da rabi kina kan sallaya. Duk asibitin nan da ke ake saita agogo." Bai tambaye ni wane ne ba.

Ga yadda ya shimfiɗa mini maganar. Likita gyara ya sa shi, ba bincike ba. In na zaɓi Linux, zai kwashe sakamakon mutane ya zuba a sabuwa, ya goge tsohon faifai fes, rajistar ta tafi tare da shi. Likita zai ce an toshe kutse, hankalin kowa ya kwanta. In kuwa na ce a zauna da Windows, dole Likita ya tambaya, to in ba laifinta ba ne ta ina aka shiga? Kuma shi in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba.

Ba mugunta yake nufi ba, Yaya. Gani yake ya rufa mini asiri, shi kuma ya samu Linux ɗinsa. Ya bar mini wata tsohuwar laftof da ya sa wa manhajar, wai in gwada mako guda.

Yanzu kin ga inda nake. In na rubuta Linux, aikina da ƙawata sun tsira. In na rubuta Windows, ban san me zai rage mini ba. Kuma an ce in zaɓa ne don marasa lafiya, ba don kaina ba.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

Ranar Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kuna lafiya, Malam ya warware daga murar da kika ce. Mu ma lafiya, sai dai Baban yara ya ce shi bai san Windows ba bai san Linux ba, abin da ya sani tun da maganar nan ta shigo gidansa gishiri ya yi yawa a miya. Na faɗa masa komai. Ya ce ba zai zaɓar mini ba, amma duk inda na tsaya yana bayana.

Na gwada laftof ɗin, kuma abin da na ji tsoro shi ya faru: na so ta. Tana buɗewa da sauri, ba ta cika ni da tambayoyi, kuma ba ta barin a sa mata wani sabon abu sai an faɗi kalmar sirri, kamar mai gadin da ba ya jin "ai ka san ni". Kwana uku na saba da inda komai yake. Har na ɗauki biro na fara rubuta wa Likita cewa ita ce ta fi, kuma duk dalilin da na kawo gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Na kai rabin shafi na tsaya. Na kasa gane ko don ta fi nake son ta, ko don za ta share sawuna. Na juya zuciyata ta kowane gefe, niyyar nan biyu sun cakuɗe, na kasa raba su. Sai na tuna ranar da na yi kuskure a rubutu a makaranta, na yi wuf na wanke allona kafin malamin makarantar ya zagayo. Kina kusa da ni, har kika zungure ni. Ya duba allon tas, ya dube ni, ya ce to Auta, karanto mini abin da kika wanke. Shekara arba'in da wani abu, har yau ina jin zafin kunnena. Na yaga takardar.

Jiya da safe na samu Sista ita kaɗai a ɗakin allurai tana jera kwalabe. Tun ranar nan muna gaisawa, muna shan shayi tare, kowa na yi kamar bai san komai ba. Na rufe ƙofa na faɗa mata maganar rajista da ta goge faifai da Injiniya ya kawo. Na ce zan je wurin Likita in faɗi nawa laifin, cewa ni na bar kwamfutar a buɗe. Ba zan kawo sunanta da kaina ba. Amma in ya tambaye ni wa na tarar, ba zan yi ƙarya ba. Na ce na zo ne don kada ta ji a bakin wani, kuma in tana so ta riga ni zuwa, zan jira ta har Litinin.

Ba ta musa ba. Ta ajiye kwalbar hannunta ta ce ta ga matar tana ramewa, ita ce ma ta ce mata ta zo gwaji, kuma tun ranar ta kasa sukuni. Ta ce, "Da jikokinki ne a bayanta kullum, tana ba su abinci a baki, me za ki yi?" Na ce ban sani ba. Kuma wallahi ban sani ba, Yaya. Na so in ce mata ita ta fi ni sanin ciwon nan ba a ɗaukarsa ta goyo ko ta kwano, kuma yaran duk an yi musu rigakafi, da hannunta ma ta yi musu. Amma ta san wannan. Tsoro ne ya fi ƙarfin karatunta.

Daga nan ta sauya murya. Ta ce Injiniya ya nuna mini hanyar da kowa zai fita lafiya, ni ce nake neman abin da ba a tambaye ni ba. Wai matar ai ta riga ta rasa aikin, maganata ba za ta mayar da ita ba, sai dai ta ƙara mutum biyu a kan ɗaya. Ta ce, "Ke dai kin fi kowa tsoron Allah, mun ji, mun gode." Wannan ta shige ni. Na tsaya ina tambayar kaina ko gaskiya ta faɗa, ko son a ce ni mai amana ce yake tura ni.

Abin da ya tsayar da ni ɗaya ne. In aka ce manhaja ce ta yi laifi, za a sauya manhaja, mu kuma mu ci gaba da tashi salla muna barin sirrin mutane a buɗe don kada wani ya ji haushi. Wata rana wata za ta sake zama a kujerar nan saboda nata jikokin.

Ban ce ki ba ni shawara ba, don kafin amsarki ta zo Litinin ta wuce. Addu'arki nake so.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, da Malam da yara. Ina lafiya, kada hankalinki ya tashi da abin da za ki karanta.

Sista ba ta je ba. Litinin da aka rage layi na shiga ofishin Likita na faɗa masa, tun daga azahar ɗin nan har rajista. Ya cire tabarau ya yi ta goge shi da gefen riga har na ɗauka gilashin zai huje. Ya ce shekara goma sha tara bai taɓa duba aikina ba don ya san ba sai ya duba ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sannan ya tambaya wa na tarar a kujerar. Na yi fatan kada ya tambaya, amma ya tambaya, na faɗa.

An karɓe ɗakin sakamako daga hannuna. Wata daga ɗakin gwaji za ta riƙe. Ni an mayar da ni teburin gaba, inda ake rubuta sunan masu zuwa a ba su kati. Ban ga laifinsa ba. Sista an dakatar da ita wata uku, kuma an ce ba lallai ta dawo ba. Da ta zo kwashe kayanta ta wuce ta gaban teburina ta ce, "Sannu da aiki, Malama." Tun da muka san juna ba ta taɓa kirana Malama ba. Kofin shayinta yana nan a kan kanta, na rasa ko in aika mata ko in bar shi.

Ina shirin fita daga ofishin Likita ya ce ina takardar shawarar? Na ce ai na ɗauka yanzu ba ni da bakin magana. Ya ce aikin da ya ba ni bai karɓe ba, ranar Alhamis yake so.

Na sake zama na auna manhajojin nan biyu, kuma abin mamaki, da babu sauran abin da zan ɓoye sai awon ya fito mini sarai. Linux tana da kyau, ban janye ba. Amma in na'urar gwaji ba ta aika mata sakamako kai tsaye, sai an riƙa kwafa da hannu ko a filashi, kuma nan ne kuskure da ɓaraka suke shiga. Mai gyaranta da muka sani mutum ɗaya ne. Na rubuta a zauna da Windows a ɗakin sakamako, bisa sharaɗi. A kulle faifan. A daina ɗage gyaran da ake aikowa. A hana sa filashi. Kowa ya samu kalmar sirrinsa, har Likita, kada sunan wani ya ƙara ɗaukar aikin wani. Sai wanda na fi daɗewa a kansa: a saita kowace kwamfuta ta kulle kanta in an yi minti biyu ba a taɓa ta ba. Na san mutanenmu, na san kaina. Ko an kafa doka ba za mu iya danna makulli a gaban juna ba. To a bar wa na'ura, ita ba ta jin kunyar kowa.

Injiniya ya karanta ya riƙe baki, ya ce, "Hajiya Sakamako, bayan duk karatun da na ba ki?" Na ce ya duba shafi na biyu. A can na rubuta a sa Linux a tsohuwar kwamfutar da ke ajiye sakamakon shekarun baya, a raba ta da intanet gaba ɗaya, kuma ya koya wa mutum biyu sarrafa ta. Ya ce wannan ai rarrashi ne. Na ce rabi rarrashi, rabi gaskiya. Ya karɓi laftof ɗinsa yana gunaguni, ni kuma har da ɗan kewarta.

Likita ya sa hannu jiya. Tun safe kwamfutoci ke kulle kansu, akawu na ta tsaki, wai na sa musu mai gadi a kan tebur.

Saura abu ɗaya. Na roƙi Likita ya kira matar nan, kuma ya bar ni in faɗa mata da bakina. Lambarta tana cikin fayil, ni kuma yanzu ba ni da iznin buɗe shi.

Ki gaida mini Malam.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Talata

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku baki ɗaya, ina fatan lafiya ta samu. Na ga takardarki. Kin ce kin yi kuka, kin kuma ce tun ina ƙarama ba na iya cin abin da ban san mai shi ba. Kada ki yabe ni, Yaya. Da na danna makulli ɗaya a ranar nan da duk wannan bai faru ba.

Ta zo jiya. Likita ya fara ganinta, ya ba ta haƙuri da sunan asibiti, ya rubuta mata takarda cewa ciwonta ba ya hana ta aikin raino, ya ce kuma duk ganin likitan da za ta yi nan gaba a wuyansa. Sannan ya turo ta wurina. Muka zauna a bencin baya, kusa da famfo, inda ba mai wucewa.

Na shirya magana mai tsawo, da na gan ta duk ta gudu. Na ce mata ba kutse ba ne. Na ce ni aka ba amanar sakamakonta, na tashi na bar shi a buɗe, wata ta karanta ta kai gidan da take aiki. Na ce na gani a ranar, na yi shiru fiye da wata guda. Na roƙe ta ta yafe mini.

Ta dubi ruwan da ke ɗiga daga famfon. Sai ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da maganar kutse ba. Ta ce, "Hajiya, ɓarawon intanet ina ya san uwar ɗakina?" Ta ce a duniya mutum ɗaya ta nuna wa ambulan ɗin, ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka sallame ta, ta je har gida ta ce mata ita ce ta kai maganar. Ƙanwar ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba ta saurare ta ba. Mako bakwai ke nan ba ta ɗaga wayarta. Ko da ɗan ƙanwar ya kwanta rashin lafiya aka aiko mata, ba ta je ba.

Yaya, ban san da wannan ba. Duk awon da na yi, na sa aikina a ciki, na sa Sista, na sa marasa lafiyar da za su zo nan gaba. Ban san akwai wata a can tana ɗauke da laifina ba. Da na rubuta Linux aka goge faifan, da haka za su tsufa.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa sau biyu ba, don ba bashi nake bin ta ba. Ta ninke takardar Likita ta sa a jaka, ta tashi ta gyara mayafinta. Ta tambaye ni ƙarfe nawa, na ce huɗu saura. Ta ce bari ta yi sauri, gidan ƙanwarta da nisa, mota biyu ake shiga.

Na raka ta har bakin ƙofa, na dawo teburina, akwai mutum shida suna jiran kati.

Ki gaida Malam da yara da duk mai tambayata. Allah ya bar mu tare, ya sa mu gama lafiya.

Ƙanwarki,
Auta